Takalmina Ya Ƙwace Mini Kakana

Mma Azara, don girman Allah ki taimake ni, an kama ni! Ni da duk unguwar Zogbeli ta shaida ba a kama ni, yau ga shi wani tsoho ya ɗaure ni tamau bai ko motsa daga kan buzunsa ba. Ina rubuto miki ina dariya, amma abin ya fi ƙarfin dariya. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye, kaina ne ya ɗau zafi. Na ɓoye sunana, ko da yake duk wanda aka taɓa saka wa ƙadangare a hula a unguwarmu ya riga ya gane mai magana.

Ni maɗinkin batakari ne, wato rigar saƙin nan tamu mai faɗin gindi, rumfata tana kasuwar Aboabo. Makarantar allo kaɗai na yi, ina saukewa kakana, Yaba Dokurugu, ya zaunar da ni ya damƙa mini allura. Shi ya koya mini haɗa saƙi, shi ya koya mini tattara ƙugun riga yadda in mutum ya juya za ta buɗe kamar lema. Shi kuma ya koya mini tsiya, kada ya ce miki ba shi ba ne. Tun ina rarrafe muke wasan jika da kaka. Yana ce mini ɓarawon nama, ina ce masa angon da ba haƙori. Ya ce duk yarinyar da na gaisar zai riga ni kai goro gidansu, ni kuma in ce masa ya hanzarta ya tafi, mun ƙagu mu ci tuwon sadakarsa. Da haka muke gaisawa, kuma wallahi duk duniya ba wanda nake so kamarsa.

Da idonsa ya dushe sai ya zama kullum bayan la'asar ina ɗakinsa har magariba. Shi yana karatu da ka, ni ina bin sa a cikin Alƙur'ani, in ya kakare in ɗora masa. In mun yi abin da ya samu sai mu jawo dara. Yana lalube da yatsu, ni ina sace masa 'ya'ya, yana kama hannuna. Daga nan mu shiga gulmar tsofaffin unguwa har ladan ya raba mu. Mun faro daga Baƙara da niyyar mu sauke kafin Damba, babban bikin garinmu na shekara, har mun kai Suratu Maryam.

Sai alheri ya faɗo mini, Mma Azara, irin wanda ban taɓa mafarki ba! Mba Ziblim, shugaban 'yan rawar takai na yankinmu, ya tsaya a rumfata wata safiya. Ya ɗauki riga ɗaya, ya zura, ya yi juyi a tsakiyar kasuwa kamar saurayi, rigar ta buɗe har ta share tiren mai gyaɗa. Ya tsaya yana haki, ya ce, "Kai ɗan tsiya, ashe bayan ɗinke wa mutane aljihu ka iya ɗinkin gaske? To bana duk mutanena ɗinkinka za su sa a Damba. Na hannu nake so, kada ka kusantar mini da keken ɗinki." Kin ji fa! Ƙungiya guda, a filin Damba, gaban duk Tamale! Ranar ban san yadda na isa gida ba. Da aka kawo saƙin daga Daboya na rungume shi ina shinshina ƙamshin baba, har fuskata ta yi shuɗi 'yan kasuwa suna ta yi mini dariya.

Na je da murnata na gaya wa mahaifiyata, Mma Sanatu. Ta yi guɗa, ta sa mini albarka, sannan ta ɗaga yatsa ta ce, "Ko wa kake ɗinka wa, la'asar ta Yaba ce." Na ce Mma, aikin da yawa. Ta ce ta gama magana. Kin san irin iyayen nan, in sun ce sun gama, ko tari ka yi ya zama rashin kunya.

To a nan ne dabara ta zo mini, kuma ko yanzu ina ganin dabara ce mai kyau. Yaba mahaifin babana ne, kuma kin san matar ɗa ba ta leƙa ɗakin surukinta in ta ga takalmin namiji a ƙofa. Daga waje take durƙusawa ta gaisar, ta ajiye kwano, ta juya. Ni kuwa ina da wani jan takalmin fata mai koren tuntu, duk Zogbeli ba mai irinsa. Sai na sa baduku ya yi mini wani sak shi. Kullum la'asar in shigo gida da sallama mai ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji, in gaida Mma, in nufi ɗakin Yaba, in tuɓe takalmin a ƙofa in daidaita shi tsaf, sannan in sulale ta bayan makewayi, ta kafar da awaki ke fita. Ɗayan yana jirana a gindin katanga. Kafin ki ce me, ina rumfa da allura a hannu. Bayan magariba in dawo ta kafar, in zura na ƙofa, in fito ina miƙa kamar wanda ya gaji da zama.

Ranar farko kaɗai na leƙa na ce, "Yaba, ina zuwa yanzu." Ya ce, "To." Shi ke nan. Na ɗauka cikin kwana biyu zai kai ƙarata, na ma shirya ƙaryar da zan yi. Shiru. Da safe in durƙusa in gaishe shi, ya amsa "naa, naa" kamar kullum, ya tambaye ni ko ɓarawon nama ya tashi lafiya. Ko alama babu.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yabon Mma. Wata rana tana zuba mini koko ta ce, "Jiya na ji karatunku, muryarka ta yi daɗi, amma ka daina yi wa tsoho hamma." Na kusa ƙwarewa. Wata rana kuma ta ce, "Ku rage gardama a kan dara, har waje ake jin ku." Sannan ta ce ta ji daɗi yanzu ina cin abinci, kwano biyu take ajiyewa, tuwo da miyar kuɓewa busasshiya da naman zabo, kuma tas muke sharewa. Ni da rabona da zabon nan tun da saƙi ya iso! Na dubi Yaba da kyau, sai na ga kumatunsa sun ciko, har wuyansa ya yi sheƙi. Tsofaffin masallaci suna tambayarsa wane magani yake sha.

Naman dai na gane inda yake zuwa. Amma muryar fa? Wallahi har na fara zargin aljani ya tare a takalmin, na riƙa yin bisimilla kafin in zura ƙafa. Da abin ya ishe ni, wata la'asar na ajiye takalmin kamar kullum, na fita ta kafar awaki, amma maimakon kasuwa sai na zagaya bayan ɗakin na tsuguna cikin kuɓewar da ke ƙarƙashin 'yar tagarsa.

Mma Azara, da ma kina wurin! Sai na ji ƙarar 'ya'yan dara, na ji Yaba ya daka tsawa, "Kai ɓarawon nama, mayar mini da ɗana!" Sai wata siririyar murya ta ta hanci ta amsa, "Wallahi Yaba ban taɓa ba, akuya ce ta shigo." Ya ce, "Akuyar gidanku ta iya dara?" Muryar ta ce, "Ta fi ka iyawa, angon da ba haƙori." Ya ce, "Za ka ga haƙori in na aure budurwarka." Sannan muryar ta yi wata doguwar hamma, irin tawa sak, har da ɗan kukan da nake ƙarasawa da shi. Shi kaɗai ne a ɗakin! Shi ne kaka, shi ne jika! Na cusa gefen rigata a baki, hawaye na zuba, ina birgima cikin kuɓewa, ƙaiƙayi na cina ban ko ji ba. Na ce lallai yau na ga ubangidana a tsiya.

Can sai ya yi gyaran murya, ya yi a'uziyya, ya kama karatu da muryarsa ta gaske. Suratu Maryam ce, daidai wurin da muka tsaya. Ya yi tafiya kaɗan, sai ya kakare. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake kakarewa a wurin. Na san ayar, tana kan harshena. Sai na ji ya ce, "Ɗora mini mana." Wannan karon siririyar muryar ba ta amsa ba. Ya sake gwadawa, ya tsaya. Sannan a hankali ya ce, "To, sai gobe."

Ban shiga ba. Kada ki tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba. Ƙafata ce ta ɗauke ni ta mayar rumfa, na zauna na ɗinka hannun riga a juye, sai da na farke.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba, ranar Alhamis na dawo ban tarar da takalmin a ƙofa ba. Na shiga gida da na gindin katanga, ina ta addu'a. Safiyar Juma'a, lokacin gaisuwar manya, zaure ya cika: baffannina, maƙwabta, har da Afa, limamin masallacinmu. Muna durƙushe, Yaba ya ɗaga hannu, fuskarsa ba alamar wasa. Ya ce yana so jama'a su shaida Allah ya ba shi jika na gari, wanda duk yawan aikinsa bai taɓa barin ƙofarsa ba ko yini ɗaya. Ya ce saboda haka Juma'ar ƙarshe kafin Damba za a yi walimar saukar da muka yi tare, zai yanka ragon da ke ɗaure, kuma a gaya wa Mba Ziblim da mutanensa su zo. Zaure ya ɗauki masha Allah. Baffana ya dafa kaina. Daga cikin gida na jiyo guɗar Mma. Ni kuwa gumi har cikin kunne.

Da aka watse ya ce in matso. Ya laluba ƙarƙashin buzu ya zaro takalmin. Mma Azara, kowace ƙafa sanye da 'yar batakarinta! Da guntayen saƙi ya ɗinka su, ba ido, da lalube, har da tattarar ƙugu, kuma wallahi ɗinkin ya fi nawa. Ya miƙo mini ya ce, "Durƙusa ka gaida yayanka." Na fashe da dariya, shi ma yana yi har yana tari. Ya ce, "Wannan jikan ba ya satar dara, ba ya hamma, ya bar mini namansa. Aibinsa ɗaya, bai iya ɗora karatu ba. Muna nan a Maryam inda ka bar mu. Na riga na tara mutane. Ko ka zo mu sauke da gaske, ko ranar in zaunar da shi gaban Afa ya yi bayani da bakinsa." Sannan ya ja kunnena ya ce, yana murmushi, "Bana da kunne zan kalli Damba. Baɗi kuwa, Allah ne ya san wanda zai kalla."

Kin ga tarkon? Rabin Alƙur'ani ya rage, abin da ya rage kafin Damba bai cika wata ba, riguna kuwa ko rabi ban kai ba. In na koma zaman la'asar, ina tsoron in kunyata gaban Mba Ziblim, kuma irin wannan dama ba ta zuwa wa yaro irina sau biyu. In na ci gaba da rumfa, ko dai a yi walimar ƙarya da sunan karatun Alƙur'ani, abin da ko ni mai tsiya ba zan iya ba, ko Mma ta ji komai a gaban jama'a. Kuma ba wannan ne ya fi cina ba. Wancan "ɗora mini mana" ne, ina ɗinki ina jin sa.

Tunda na fara, bari in ƙarasa miki. Tun da aikin nan ya zo, la'asar tawa sai rana ta yi ja nake yin ta, a gurguje, ina sujada ina lissafin wuyan riga. Abokaina sun daina biyo mini shan shayi. Ina son aikin nan kamar raina, in na ga riga ta buɗe ji nake kamar in tashi sama, amma na rasa yadda mutane ke yi su riƙe sana'a su kuma riƙe mutanensu da sallarsu. Ki gaya mini yadda zan yi.

Sai tambaya ta ƙarshe, kuma ita ma da gaske nake. Dole in rama. Akwai wata bazawara mai koko a bakin layinmu da ta daɗe tana yi wa Yaba ƙarin ƙosai. Ina tunanin in ɗauke takalminsa in ajiye a ƙofar ɗakinta da sassafe, lokacin da mata ke zuwa sayen koko. Ya kika gani?

Naki,
Jikan da takalmi ya kayar,
Zogbeli, Tamale.

AMSA

Ɗana, na karanta wasiƙarka na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Da na zo wurin da tsohon ya ce a ɗora masa, sai dariyar ta tsaya, na ajiye takardar. Ina jin kai ma abin da ya same ka ke nan a cikin kuɓewa.

Bari in fara da abin da ke gare ka na gaskiya. Murnarka ba laifi ba ce. Saurayin da ya samu aikin da zai fito da sunansa, ya rungume shi da hannu biyu, abin a yaba masa ne, kuma na tabbata duk Tamale ba wanda ya kai kakanka alfahari da kai, tunda allurarsa ce a hannunka. Mahaifiyarka ma, da ta ɗan saurare ka ranar, da wataƙila an sami mafita tun kafin baduku ya ci ciniki. Amma ita ta hango abin da kai ba ka hango ba. Riguna za su sake zuwa. Zaman la'asar da wannan tsoho yana da iyaka, kuma shi da kansa ya gaya maka haka, ya naɗe maganar cikin murmushi don kada ta yi maka nauyi.

Ka lura da irin mutumin da kake wasa da shi. Tun ranar farko ya gane. Kalma ɗaya zai faɗa gidan ya kife a kanka, amma ya zaɓi ya zauna shi kaɗai yana kwaikwayon muryarka don ya rufa maka asiri. Naman zabon da ya ci, na yafe masa, ladan aikinsa ne. Walimar da ya kira ma ba don ya tozarta ka ba ce. Ya yi maka magana da yaren da ku biyu kuka fi ji, ya buɗe maka ƙofar da za ka dawo ba tare da kowa ya ga kunyarka ba. Ka shiga ta ƙofar.

Yau ɗin nan, kafin komai, ka sami mahaifiyarka ita kaɗai ka gaya mata. Za ka ce ba ta karanta jarida, na sani, amma ka ce wa duk unguwa ga ni nan da zancen ƙadangare da jan takalmi, kuma maƙwabta suna da baki. Matar da ta yi guɗa saboda kai bai kamata ta ji wannan a bakin rijiya ba. Za ta yi faɗa. Ka durƙusa ka sha, kada ka yi mata barkwanci sai ta huce. In ta huce ka nuna mata takalmin da rigunansa, zan yi mamaki in ba ta yi dariya ba.

Gobe da safe ka tafi wurin Mba Ziblim. Ka gaya masa gaskiya: daga la'asar zuwa magariba kana da tsoho, kuma kana so ka raba aikin. Shi ma ɗan gida ne, yana da manya, an kuma gayyace shi walimar, ba zai so a ce rigunansa ne suka hana ta ba. A layinku na Aboabo akwai maɗinka masu hannu mai kyau da ke zaune. Ka ba biyu ko uku daga cikin waɗanda ka yarda da su haɗa saƙi da kalmasa, kai ka riƙe wuya da tattarar ƙugu, tunda nan ne sunanka yake. Abin da zai shigo aljihunka zai ragu, na sani. Amma za ka cika alkawari, kuma za ka sami mutanen da gobe in aiki ya fi wannan za su tsaya maka. Wanda ya ce komai sai hannunsa, ƙungiya ɗaya zai yi wa ɗinki ya kwanta ciwon baya.

Sannan ka sa wa yininka iyaka. Ka fito da wuri bayan asuba, lokacin da ido ke da ƙarfi kasuwa ba hayaniya, ka yi aikinka da gaske. Ladan na kiran la'asar, ka soke allura a jikin riga ka rufe rumfa, ko saura ɗinki kaɗan ne. Wannan "saura kaɗan" ɗin shi ya kai sallarka har rana ta yi ja. Ka yi ta cikin jam'i, ka wuce gida. Kwanakin farko hannunka zai yi ta ƙaiƙayi, daga baya za ka ga aikin safe ya fi tafiya, domin mai hutawa ba ya ɗinka hannun riga a juye. Kai da kanka ka san rigar da aka ɗinke ko'ina ba a bar mata wuya ba, ba ta shiga jikin kowa. Abokan shayinka kuma ka ba su yammacin Juma'a bayan magariba, kada su manta kamanninka.

In ka shiga ɗakin, kada ka shiga da ɗinki lokacin karatu. Idonka a kan shafi, kunnenka a bakinsa. Kada kuma ka ce tunda lokaci ya ƙure a soke dara. Darar nan da gulmar tsofaffi ba ɓata lokaci ba ne, rabin abin da ya rasa ke nan, ai ka ji da wanne ya fara da yake shi kaɗai. Abin da za ka iya yi shi ne, bayan an rufe Alƙur'ani, wani lokaci ka miƙa masa riga ya shafa tattarar ya gaya maka inda ka yi ha'inci. Mutumin da ya ɗinka wa takalmi batakari da lalube bai gama da allura ba, kuma zai ji daɗi a ce da hannunsa a rigunan Damban bana.

Game da saukar, abin da ya rage zai yiwu in kun dage, amma kada ku yi tsere da shi. In kwanaki suka matso kuka ga ba za ku kai ba, ku je wurin Afa tare, a ɗaga walimar zuwa bayan Damba. Ɗaga rana ba abin kunya ba ne, ragon ma ba zai yi fushi ba. Walimar ƙarya ce ba a yi, kuma na ji daɗi da kai ka fara faɗin haka.

Zancen mai koko kuwa, a'a. Wasan jika da kaka naku ne ku biyu, ita ba ta cikinsa, kuma sunan mace ba abin wasa ba ne ko da ta tsufa. Ka bar baiwar Allah ta sayar da kokonta.

Amma ramuwa kam ka rama, ga yadda za ka yi. La'asar ɗin nan ka ajiye jan takalminka a ƙofa kamar yadda ka saba, ka yi motsi kamar ka nufi kafar awaki. Sannan ka dawo a kan yatsu, ka shiga ba ko tari, ka zauna a lungu. Ka bar shi ya yi faɗa da kai, ka bar shi ya yi hammarka. In ya kama Maryam ya zo wurin nan ya tsaya, ya ce a ɗora masa, sai ka ɗora.

Allah ya ja kwanan Yaba Dokurugu ya ji Damban bana da na baɗi, ya sa albarka a allurarka, ya kai ku ƙarshen saukarku lafiya. Ka gaishe mini da yayanka mai riga biyu, ka ce masa aikinsa ya ƙare.

Taku,
Mma Azara